Bargon Ƙyallen Kaka na Ƙarshe

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma. Kakata ta wajen uwa ta riga mu tafiya cikin daminar da ta wuce, a ɗakinta na nan garin Lafiya inda ta tsufa. Tun ranar da aka kai ta makwancinta nake jin masu gaisuwa suna maimaita abu ɗaya: baiwar Allah ce mai haƙuri, ba ta da abokin faɗa. Na san yadda ake magana a gidan rasuwa, ban kuma ga laifin kowa ba. Amma duk wanda ya ce Kaka ba ta da faɗa, to bai taɓa kuskuren zama a kan ƙyallayenta ba. Ina tsoron nan da 'yan shekaru a mayar mana da ita wata tsohuwa mai sanyin hali da ba mu taɓa sani ba, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Telolin kasuwa tare suka zo gaisuwa, kusan layinsu gaba ɗaya. Babbansu ya shigo zaure da buhu a kafaɗa, cike da guntayen atamfa da shadda irin waɗanda ya saba tara mata. Ya ce sai da ya ɗauko sannan ya tuna ba mai karɓa. Ya tsaya ya rasa inda zai ajiye, har Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya sauke masa ya jingine a bakin ƙofa. Wata Bafulatana da ke kawo nono daga hanyar Awe ta zo da wani dogon saurayi, ta nuna wa mahaifiyata shi, ta ce, "Wannan ne fa. Yana jinjiri ruwa ya dake mu a ƙofar gidan nan, ta naɗe shi a bargon da ta gama ɗinkawa, ta ce in na kuskura na dawo da bargon ba za ta ƙara sayen nonona ba." Har mai shagon kayan makaranta na bakin titi ya zo, da 'yar Hausarsa ta kasuwa. Ya ce, "Shekaru ina sayar wa Mama gam. Wallahi na ɗauka yana da sukul ne, makarantar yara."

Mu jikoki kuwa hirarmu duk ta bargo ce. Kaka tana da wata al'ada da ta ɗora wa kanta: duk jikan da zai bar gida, makarantar kwana ce, aure ne ko aiki, sai ta haɗa masa bargon ƙyalle, wato guntayen zane da ake jerawa a ɗinke a kan tsohon bargo. Wannan ya ce da nasa ya yi hidimar ƙasa, waccan ta ce yaranta ke kwana a kan nata yanzu. 'Ya'yan Kawu ne kaɗai ba su sa baki ba, don su ne kaɗai ba su da shi. Manyan sun bar gida ba bargo, ga autarsu ta sami makarantar koyon jinya za ta tafi ƙarshen damina. Uwarsu, matar Kawu, ba ta ma zauna cikin mata ba. Tana can madafi tun safe tana wanke tukwanen da ba wanda ya sa ta. Kowa a gidan ya san abin da ke cin ta: tana son ta san ko Kaka ta tafi tana riƙe da ita a zuciya, kuma wadda za ta ba ta amsa tana ƙarƙashin ƙasa.

Kafin in zo kan wannan, bari in faɗi yadda gam ɗin yara ya shiga ɗakin tsohuwa.

Kaka da keken ɗinki na ƙafa ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar kakanmu, tana ɗinka kayan yara da zannuwan gado. Da aka yi jiha Lafiya ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, teloli masu sababbin yayi suka biyo su, masu kawo mata ɗinki suka watse. Ba ta yi haƙuri ba ko kaɗan. Ta yafa gyale ta je har layinsu a kasuwa, ta ce, "Tunda kun kwashe mini mutane, sai ku riƙa ba ni shararku." Suka yi dariya, suka cika mata buhu. Daga nan ta koma bargon ƙyalle gaba ɗaya.

Wahalar wannan aiki ba a keke take ba, a riƙon farko take. Kafin a kai bargo keke sai an bi kowane ƙyalle an kama shi da ɗinkin hannu mai faɗi, wanda za a warware daga baya, in ba haka ba ya zame ya karkace. Kaka ta yi shekaru tana wannan, har sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, suka kumbura suka lanƙwashe, allura ta gagare ta riƙewa. Ta gwada fin, ƙananan alluran nan masu kai, wani ya ɓuya a cikin bargo ya soki jikanta, ta tattara su ta watsa a masai. Ta gwada sitacin rogo, ya riƙe da kyau, amma kyankyasai suka ɗauka liyafa aka shirya musu, suka bi ƙyallayen suka huda. Akwai lokacin da ta rufe keken da tsohon zane, ta daina kallon wajen. Ban taɓa ganin ta yi shiru irin na wannan lokacin ba, kuma shirun ya ba ni tsoro fiye da faɗanta.

Ina koyarwa a firamare a lokacin. Wata rana kwalbar farin gam da muke aikin hannu da shi a aji ta buɗe a jakata, ta ɓata mini gyale. Na zauna a tsakar gida ina wankewa ina mita. Kaka tana kallo. Da gyalen ya bushe ta sa aka miƙo mata, ta murza wurin, ta shinshina, ta ɗaga shi a rana.

"Malama, ina gam ɗin ya tafi?"

"Ya bi ruwa mana, Kaka. Na yara ne, don haka aka yi shi."

"Kawo kwalbar nan."

Malama take ce mini, kuma ba don girmamawa ba. Ta ɗauki ƙyalle biyu ta ɗiga musu, ta danne da dutsen guga na gawayi, ta ja ta ga sun kama. Ta yaye zanen da ke kan keke ta bi su da ɗinki, allura ta wuce sumul. Sannan ta jefa a kwano ta cuɗa. Ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa, ƙyallen ya fito da laushinsa. Ba ta ce na gode ba. Ta ce, "Gobe ki sayo mini babba, ba wannan ta wasan yara ba."

Cikin ɗan lokaci ta kafa dokokinta, kuma duk wanda ya zauna kusa sai ya ji su. Ba a zuba gam, ɗigawa ake yi da tsinken tsintsiya, ɗigo-ɗigo, nesa da juna. Ba a kai aiki keke sai guga ta busar da shi, in ba haka ba allura ta yi danƙo. Tana ninke bakin kowane ƙyalle ciki ta danne, har idan ta gama jerawa sai ka rantse an ɗinke. Maigidana ya taɓa son ya burge ta, ya sayo mata gwangwanin gam ɗin kafinta, wai ya fi ƙarfi. Ta gwada a gefe guda, wurin ya sandare kamar busasshiyar fata, ruwa kuma bai taɓa shi ba. Har ta bar duniya, in ya shigo gaisuwa sai ta ce, "Sannu da zuwa, kafinta. Yau kujerar wa za mu ɗinka?"

Ita ba ƙarfi take nema ba. Ta sha faɗa mini, "Gam ba ya riƙe komai, Malama. Jira kawai yake sa su yi har allura ta zo. Abin da nake so ya zauna, da zare nake kama shi." Na ji wannan magana har ta gundure ni.

Yanzu sai batun matar Kawu, wanda ba na jin daɗin faɗa, amma ta'aziyyar da ta tsallake shi ba ta Kaka ba ce. Kawu shi ne namiji ɗaya a 'ya'yanta, kuma auta. Aikin malamin gona ya kai shi Keana, can ya ga yarinya 'yar Alago, ya nema, sai da magana ta yi nisa sannan ya zo ya sanar da uwarsa. Kaka ba ta hana auren ba, amma ba ta yafe wannan ba, kuma maimakon ta riƙe ɗanta sai ta riƙe matar. Ina ƙarama a lokacin, daga bakin mahaifiyata na ji cewa ranar da amarya ta fara zuwa gaisuwa ta kawo ƙunshin gishirin garinsu da turmin atamfa. Kaka ta karɓi gishirin ta ce shi bai yi mata komai ba. Atamfar kuwa ta cusa a ƙasan akwati, ba wanda ya sake ganin ta.

Haka aka tafi shekara da shekaru. Kowace salla matar Kawu za ta zo da gishiri, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Mama, ina kwana, ya jiki?" Kaka ta amsa fuskarta na kan keke. 'Yar gishiri take kiran ta, a gabanta da bayan idonta. Matar ba ta taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin ba, don ba a taɓa ce mata ta shigo ba. Yaran kam Kaka tana ba su abinci da alewa kamar kowa, amma bargo, wanda kowa ya san shi ne shaidarta, ta hana su. Na taɓa ce mata, "Kaka, wannan fa ba daidai ba ne." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Malama, ki tsaya a ajinki." Ina son Kaka kamar raina, amma a nan ta yi zalunci, kuma ya daɗe yana yi mini ciwo.

A shekarunta na ƙarshe ƙafafu ma suka ƙi taka keke. Sai muka raba aiki: ita ta yanka ta jera ta liƙa, ni in na sami hutu in bi da ɗinki. Da ruwan fari ya sauka a daminar bara, na dawo daga makaranta na tarar ta shimfiɗa sabon aiki a tabarma. Ƙyallayen ba na buhun teloli ba ne. Na gane rigar kakanmu, na gane tsohon zanen mahaifiyata, da wata shuɗiyar atamfa mai zanen ganye, sabuwa fil, da ban san daga ina ta fito ba.

"Na wa ne wannan, Kaka?"

"In kin ɗinke za ki ji."

"To in fara gobe?"

"Ban gama ba. Ke dai sa mini zare a allura ki soke a matashi."

Na yi dariya, na ce da waɗanne yatsun? Ta ce da na uban mai tambaya. Na sa mata jan zare, don shi ne a kusa, na soke a matashin kanta, na manta da zancen. Bayan 'yan kwanaki na ga bargon a ninke a kan akwati, ta ce in an yi hutu sai in ɗinka. Hutun bai same ta ba. Jikin ya rikice, aka kai ta asibiti, aka dawo da ita gida, da hantsin wata Alhamis ta cika, mahaifiyata na riƙe da hannunta. Matar Kawu tana hanya daga Keana ba ta iso ba.

Bayan sadakar uku mata suka fito da kayan sawarta don a wanke kafin a raba, kamar yadda aka saba. Matar Kawu ta tare su, da Hausarta mai gauraye da Turanci wadda ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Abeg ku bari, ku huta, ni zan wanke duka." Ta kwashe komai, har da abin da ke kan akwati. Ina gidan maƙwabta a lokacin ina karɓar gaisuwar abokan aikina. Salatin mahaifiyata ne ya dawo da ni a guje.

Na tarar da babban baho a tsakar gida, ruwan ya yi fari-fari, ƙyallaye suna yawo a sama kowanne shi kaɗai, tsohon bargon da aka jera su a kai ya nutse a ƙasa tsirara. Aikin Kaka na ƙarshe ke nan, tsarin da ita kaɗai ta sani, ya narke. Na zauna a bakin rijiya.

Mahaifiyata ta gaji zafin uwarta. Ta ce, "Ke kam wace irin mace ce? Har bayan ranta sai kin ɓata mata aiki?"

Matar Kawu ta durƙushe a cikin caɓin, hannuwanta na ɗigar kumfa. Ta ce, "Yaya, sori, wallahi ban sani ba. Na ga kamar an ɗinka shi. Na ce in wanke masa kaya ko sau ɗaya ne."

Ta juya ta fara tsamo ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya tana shimfiɗawa a tabarma, autarta ta zo tana taya ta, su biyun suna hawaye ba sauti. Can sai ta tsaya da wani guntun shuɗiyar atamfa a hannu. Ta tsamo wani irinsa, ta tsamo wani. Ta ce, "Yaya, wannan atamfa da na kawo wa Mama ne. Ranar farko. Dubi ganyen. Bai taɓa ɗaura shi ba."

Mahaifiyata ta karɓa ta duba, na ga fuskarta ta canja, don ita ma ta gane. Ni kuwa sai a lokacin na fahimci ko bargon na wa ne, na buɗe baki zan faɗa. Amma matar Kawu ta riga ni, kuma ba abin da na zata ta ce ba.

"Ya yanka shi," in ji ta a hankali. "Shara ne Mama yake yin bargo da shi. Ya ajiye, ya ajiye, da ya ga zai tafi ya mayar da shi shara."

Kaka ba ta faɗi sunan mai bargo ba, ni kuma ba zan ƙirƙira wa mamaciya magana ba. Sai na miƙe na sa hannu a bahon, don dai in yi wani abu. A can ƙasa, ƙarƙashin tsohon bargon, na taɓo ƙyalle biyu da suka ƙi rabuwa. Na ɗago su. Ɗaya shuɗiyar atamfar ce. Ɗayan kuwa ba wanda zai kasa gane shi a gidan: guntun zanen da Kaka take salla da shi ne, wanda ba ta bari ko mu taɓa. An haɗa su da jan zare, ɗinkin hannu, manya-manyan taku a karkace, wani ya hau wani, ƙarshen an ƙulle shi an sake ƙullewa. Ɗalibata 'yar aji uku za ta fi wannan iya ɗinki. Na san zaren, don ni na sa shi a allura, na kuma san irin azabar da yatsun nan suka sha kafin su kai ƙarshen layin.

Na miƙa wa matar Kawu. Na faɗa mata cewa Kaka ta yi shekaru ba ta riƙe allura ba, na kuma maimaita mata maganar nan da ta gundure ni, cewa abin da take so ya zauna da zare take kama shi. Ta juya ƙyallen, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa daga farko har ƙulli. Sannan ta kifa fuskarta a kai ta fashe da irin kukan da ba ta yi ba ranar rasuwa. Mahaifiyata ta tattare zanenta ta durƙusa kusa da ita a cikin caɓin, ta dafa bayanta. Ni ma na yi kuka, kuma rabinsa haushin Kaka ne, da ta iya wahalar da yatsunta haka amma ta kasa buɗe baki ta ce shigo.

Da ƙyallayen suka bushe muka goge su, muka zauna sake jerawa, ni da mahaifiyata da matar Kawu da autarta. Ba mu samo tsarin Kaka ba, ba kuma za mu taɓa samowa ba, wannan ya tafi da ruwan baho. Namu ya fito da ɗan karkata a gefe guda. Matar Kawu ta matsa kwalbar gam da ƙarfi ya zubo, mahaifiyata ta daka mata tsawa, "Ɗigo-ɗigo ake yi, da tsinke!" da murya irin ta Kaka sak, har dukanmu muka waiwaya ƙofar ɗakin. Ƙyallen nan biyu muka sa a tsakiya. Da na hau keke na zagaye su da ɗinki, ban bi ta kan jan zaren ba. Yarinyar ta tafi makaranta da bargonta, da ta yi masa wankin farko ta bugo waya ta ce ko ɗaya bai fita ba.

Da salla ta zagayo matar Kawu ta zo da ƙunshin gishirinta kamar kullum. Ƙafa ta kai ta bakin ƙofar Kaka, ta tsaya a inda ta saba durƙusawa, riƙe da gishirin, ba ta san wa za ta miƙa wa ba. Mahaifiyata tana ciki tana share keken. Ta ɗago ta ce, "Me kike yi a nan waje? Shigo mana, ɗakin uwarki ne."

Ta cire takalmi ta shiga.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata abin da ta daɗe tana riƙewa, ya haskaka kabarinta, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.